Masu Gida Marasa Makwanci a Ƙasar Birnin Gwari

Ranar Asabar, 5 ga Mayu 2018, bayan azahar, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Gwaska a ƙasar Birnin Gwari ta jihar Kaduna. Saura ƙasa da mako biyu a kama azumi, manoma sun gama sharar gona suna jiran ruwan shuka. Maharan suka yi ta harbi, suka cinna wa gidaje wuta, suka koma daji. Gawa 45 aka fara ƙirgawa, daga baya aka ci gaba da tsinto wasu a cikin jeji. Waɗanda suka tsira, akasarinsu mata da yara, suka nufi yankin Doka da ƙafa, kowa da kayan da ke jikinsa. Da safiyar ranar kowannensu yana da ɗaki da tukunya da rumbu. Kafin magariba, wurin kwana suke nema.

Ba a Gwaska aka fara ba. Tun a watan Oktoba 2012 aka harbe mutum kusan 20 a Dogon Dawa, suna fitowa daga sallar asuba. A lokacin mutane sun ɗauka ramuwar gayya ce ta ɓarayin shanu a kan 'yan banga, za ta wuce. Ba ta wuce ba, domin dajin ya ba ta wurin zama. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ga Katsina da Neja a maƙwabtaka. Mutum zai sato shanu a wata jiha, ya kwana a wata, ya sayar a ta uku, ba tare da ya taka kwalta ba. Ga zinare a ƙasar, ga bindiga ta yi araha. Da shanun sata suka ƙare, sai aka koma satar masu shanun, daga nan aka koma kan kowa. Makonni kaɗan kafin harin Gwaska, sojoji 11 aka kashe a Kampanin Doka. Wanda ya ga haka ya faru da mai kaki, ba sai an ce masa ya tattara iyalinsa ba.

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, yawancin mutanen nan suna da gidaje. Wasu gidajen ma suna nan a tsaye, da ƙofa da kwano, kwana a cikinsu ne ya gagara. Akwai ƙauyukan da aka yi ta yin rayuwa rabi da rabi: da rana a shigo a yi girki, a duba awaki, da la'asar sakaliya a kwashi yara a nufi gari mafi kusa ko a shige cikin dawa a kwanta. Akwai waɗanda aka ɗora wa haraji kafin shuka, aka sake ɗora musu kafin girbi. Akwai kuma hanyar da ba ta da hayaniya, wadda a ganina ta fi wuta cin gidaje, wato kuɗin fansa. A ɗauke magidanci, a sayar da hatsi a kai, a ce bai isa ba. A sayar da shanun huɗa, a ce a ƙaro da babur. Daga nan sai gona, daga gona sai gida. Mutum ya dawo daga daji da ransa, 'yan'uwa su yi ta barka, amma ya tarar ba shi da inda zai shimfiɗa tabarma.

Labarin Damari ya fi ban mamaki. Gari ne na noma a gabashin masarautar Birnin Gwari, kuma can 'yan ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta Ansaru suka kafa sansani a kusa. Suka zo da wa'azi da kyauta, suka ce za su kare mutane daga 'yan fashin daji, har suka fara auren 'yan matan yankin, suka hana harkar siyasa. Talakan da gwamnati ta bari da Allah, ba ya tambayar wanda ya tsaya masa a bakin gari daga ina ya fito. A 2022 abin ya kai Gwamna Nasir El-Rufai ya rubuta wa Shugaba Buhari cewa ana kafa wata gwamnati a cikin gwamnati a Birnin Gwari. A daminar shekarar rikici ya ɓarke tsakanin Ansaru da 'yan fashin, sai mutanen Damari suka zama ciyawar da giwaye biyu ke faɗa a kanta. Ƙungiyar ci gaban masarautar, ƙarƙashin Ishaq Usman Kasai, ta yi ta shelar cewa gari yana watsewa. Mutane suka fice suka bar amfanin gona a tsaye, a lokacin da masara ta fara ɗaukar goyo.

To, ina suka je? Mafi yawansu ba su shiga wani sansani mai tanti da rajista ba. Zumunci ne ya haɗiye su. Suka bazu cikin garin Birnin Gwari, da Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, wannan a gidan ƙanin uba, wancan a zauren suruki, wasu a ajin makaranta, wasu a kangon da mai shi bai gama ginawa ba. Abin a yaba ne, amma yana da nasa sharri: tunda ba a ganin su kwance a bakin titi, sai aka yi kamar babu su. Ɗakin mutum huɗu ya koma na goma sha biyu. Mai masauki da ya ce "ai gidanku ne, Yaya" da zuciya ɗaya, bayan wata shida shi ma buhunsa ya taɓa ƙasa, matarsa ta fara ƙunƙuni, baƙi kuma suna ji. Dattijon da ke fitar da zakkar hatsi duk shekara ya koma jiran a sam masa. Yara suka bar makaranta suka kama talla da bara, 'yan mata aka aurar da wasu da wuri don a rage baki, zawarawa suka shiga aikatau. Kuma ƙasar da ke cika motoci da masara zuwa kasuwannin Arewa ta rage noma, tsadar ta isa har tukunyar wanda bai taɓa jin sunan Gwaska ba.

A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, ta katse layukan waya a yankin don ta matse 'yan bindiga. Talaka ma ya matsu, domin wanda ya gudu ya rasa hanyar jin ko mahaifiyarsa da ya baro tana raye.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da aka ce sun tuba bayan wani sulhu, ya buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe. Motoci suka dawo hanyar Kaduna, manoma suka fara leƙa gonakin da suka zama kurmi. Wasu sun yi murna, wasu sun haɗiye ta da ɗaci, ganin wanda ya ƙone musu rumbu yana cinikin shanu a gefensu.

Komawa kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Ginin ƙasa idan ya sha damina biyu ba yaɓe, zubewa yake yi. Mai komawa yana buƙatar azara da kwano da irin shuka, da wanda zai yashe rijiya, da abin da zai ci har kaka. Wanda ya sayar da gonarsa ya fanshi kansa kuwa, sulhun bai dawo masa da ita ba. Idan ya koma ƙauyen, ƙwadago zai yi a cikinta.