Harajin lemon kwalba: naira goma za ta iya tsare lafiyarmu?

 A shirinmu na makon jiya mun taɓo maganar harajin da gwamnatoci ke ɗora wa lemon kwalba, sai saƙonni suka yi ta shigowa. Tambayar da ta fi yawa ita ce, ina ruwan gwamnati da abin da zan sha da kuɗina? Ga taƙaitaccen bayanin da muka yi.

Mu fara da cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum, wajen giram 50 ke nan, kamar cokalin shayi 12. In ya tsaya a 6, ya fi. To, lemo irin na kola mai rabin lita yakan ɗauki sukarin da ya kai cokali 12 ko 13. Ka ga gora ɗaya ta cinye rabonka na yini, ba ka ma je wurin mai shayi ba tukuna. Sukarin da aka sha a ruwa kuma ba ya ƙosarwa, za ka sha ka kuma ci tuwonka daidai yadda ka saba. A hankali sai ƙiba, sai ruɓewar haƙori, sai ciwon sukari, Allah ya kiyaye. Wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya san kuɗin magani ba ya ƙarewa, kuma asibitin gwamnati ne ke ɗaukar sauran nauyin. Nan ruwan gwamnati ya shigo.

Dabarar harajin ba ta da wuyar ganewa: in abu ya yi tsada, ana rage sayensa. Ƙasar Meziko ta fara a watan Janairun 2014, ta sa peso ɗaya a kan kowace lita, kuma a shekarar farko sayen lemon ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100, ragin ya fi yawa a gidajen talakawa. Ingila ta bi wata hanya a 2018. Ta ce iya yawan sukarinka iya harajinka, lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba kuwa ba ya biyan komai. Kafin ma dokar ta fara aiki, kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su tsira. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ta fara a 2018, Gana kuma ta sa kashi 20 cikin 100 a 2023.

Yanzu mu zo Najeriya, wadda kayanta ke cika kasuwanninmu ta Jibiya da Illela. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 a kan kowace lita. Yi lissafi da kanka: gorar rabin lita, naira 5 ke nan. Tun daga lokacin farashin kaya ya yi ta hawa, naira ta faɗi, harajin kuwa an yanka shi ne a kan lita, ba a kan farashi ba. Wa zai fasa shan lemo saboda naira 5? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai harajin ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga canji sosai. Ga kuma matsalar iyaka. In ƙasa ɗaya ta tsananta, maƙwabciyarta ta sassauta, katan-katan za su bi ta inda ya fi araha, shi ya sa dole maƙwabta su yi magana da juna.

Masu adawa suna da hujja, kada mu ɓoye. Sun ce haraji talaka yake fi ciwo, kuma akwai masu talla da ma'aikatan kamfani da ke ci daga wannan sana'a. Gaskiya ne. Amma shi ma ciwon sukari talaka ya fi kayarwa. Abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne a faɗa mana inda kuɗin ke tafiya, a ga sun koma asibiti da ruwan sha mai tsabta a makarantu.

Haraji kaɗai kuma ba ya isa sai an tallafa wa abin da zai maye gurbi, mu kuwa muna da shi: fura da nono, kunun zaki, zoɓo, kunun aya. Gero yana jure fari, yakuwa tana fitowa a gefen gona, jihar Maraɗi ta yi suna a noman aya. Mafi yawan sukarin da Najeriya ke tacewa kuwa ɗanyensa daga Barazil ake kawo shi, robar lemon kuma ita ce ke toshe mana magudanan ruwa da damina. Kuɗin da ka ba mai fura yana komawa ga manomi da makiyayi na kusa da kai.

Sai dai a nan ma akwai magana. Zoɓon da aka zuba wa gwangwanin sukari bai fi lemon kwalba ba, haka shayin da muke dafawa zagaye uku a majalisa. Babu dokar da za ta shiga madafinki, uwargida, babu jami'in da zai tsaya kan butar shayinka, malam. Fara da rage cokali ɗaya a wannan mako, harshe yana sabawa.

A shiri mai zuwa za mu duba gishiri da dunƙulen miya. Ku aiko da tambayoyinku, Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.