Lissafin Soda a Ruwan Daidaito

A garin Vom, kudu da Jos, akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda take aiki a wurin tun shekarar 1924. A nan ake haɗa allurar rigakafi ta shanu da kaji. Irin wannan magani ba ya jure tsami. Idan tsamin ruwansa ya sauya, sai ya lalace, makiyayi ya yi asarar dabbobinsa. Shi ya sa masana suke amfani da ruwan daidaito, wato ruwan da tsaminsa ba ya saurin canjawa.

Ɗalibi, ka san ana auna tsami da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya haura 7 kuwa alkali ne. Ka lura, wannan alkali ba alƙalin kotu ba ne.

Ruwan daidaito yana buƙatar abu biyu tare: asid mai rauni da gishirinsa. Idan asid kaɗai gare ka, sai ka zuba masa alkali mai ƙarfi, kamar sodar da ake yin sabulu da ita, wato NaOH. Kowane mol ɗaya na soda yana mayar da mol ɗaya na asid ya zama gishiri. To, soda nawa za ka zuba? Ga ƙa'idar:

pH = pKa + log (gishiri ÷ asid)

A ce kana da mol 0.3 na NaH₂PO₄, wanda pKa ɗinsa yake kusan 7.2, kana son pH ya zama 7.5.

Da farko, ka ɗebe 7.2 daga 7.5, saura 0.3. Lambar da log ɗinta ya ba da 0.3 ita ce 2. Ke nan gishiri zai ninka asid sau biyu.

Na biyu, ka kira sodar x. Gishirin da zai samu x ne, asid ɗin da zai rage kuwa 0.3 − x. Saboda haka x = 2(0.3 − x), wato 3x = 0.6, x = 0.2.

Na uku, nauyin mol ɗaya na soda giram 40 ne. Mol 0.2 ya zama giram 8.

Kada ka ce gara a ƙara. Idan ka zuba giram 12, asid ɗin zai ƙare ƙaf, ruwan ya daina riƙe tsaminsa yadda kake so. Kuma soda tana ƙona fata, don haka ka sa safar hannu da tabarau. Bayan ka gama haɗawa, ka gwada ruwan da na'urar auna pH.

Aiki

1. Me ya sa ake buƙatar ruwan daidaito a Vom?
2. Giram nawa na soda za ka zuba idan kana son pH ya zama 7.2?