Zaɓen Gilashin Kyamara: Madaidaici da Mai Faɗin Gani

Ana auna gilashin kyamara da milimita, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin abin da yake kamawa. A zamanin fim mai milimita 35, gilashin 50 shi ake kira madaidaici, gama yana nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa. Na 28 ko 24 kuwa mai faɗin gani ne.

Amma fa a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarorin zamani da dama bai kai girman fim ba, saboda haka sai a ninka lambar sau ɗaya da rabi. Watau gilashin 50 ya koma kamar 75, na 35 shi ne madaidaici.

Manazarcin da zai ɗauki hoton takardun ajami lalle ya riƙi madaidaici, don kada gefen shafi ya lanƙwashe. Mai faɗin gani aikinsa cikin zaure ne, inda ba wurin ja da baya. Sai dai in an kusanci mutum da shi, hanci yakan kumbura, in kuma an ɗaga kyamara sama, bango ya karkace.