Darbejiya a Gaban Alƙali: Siyasa da Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira

Itaciyar darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, a Nijar kuma bedi, baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta yankin Indiya, kuma a zamanin mulkin Turawa aka shigo da ita. Manoman Indiya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zuba ganyenta a rumbu, suna yayyafa ruwan 'ya'yanta a kan shuka domin korar ƙwari. Kimiyyar zamani ta zo daga baya. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farar ɗango ta cinye kusan kowane ganye amma ta ƙyale darbejiya. A 1968 aka tace sinadarin da ke wannan aiki, wato azadiraktin. Sinadarin kan toshe wa ƙwaro sha'awar ci, sa'annan ya dagula sinadaran jikinsa masu sa shi yin saɓa. Tsutsar da ta kasa saɓa kuwa ba za ta girma ba, balle ta hayayyafa.

A shekarar 1994 Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai ya bai wa kamfanin W.R. Grace na Amurka, tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar, takardar mallakar wata hanya ta kashe funfunar shuka da man darbejiya. Kafin a duba rigimar da ta biyo baya, ya kyautu mai karatu ya san mece ce wannan takarda. Ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, hukuma kuma ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininsa ba har wani wa'adi, wanda a yau shekara 20 ne. Sharuɗɗan su ne abin ya zama sabo, ya ƙunshi wata dabara da masanin fannin ba zai hango ta cikin sauƙi ba, kuma ya yi amfani a masana'anta. Abin lura a nan shi ne, babu ɗakin gwajin da zai iya faɗin me ya halatta a mallaka da me bai halatta ba. Majalisa da kotu ke yanke wannan, su kuma aƙidar siyasar zamaninsu suke bi.

Amurka ta ɗauki hanyar jari-hujja, wadda ke ganin riba ita ce ke zaburar da bincike. A 1972 Ananda Chakrabarty, haifaffen Indiya da ke aiki a kamfanin General Electric, ya nemi mallakar wata bakteriya da ya cusa wa ƙwayoyin gado har ta iya narka ɗanyen man fetur. Ofishin rajista ya ƙi, bisa hujjar ba a mallakar abu mai rai. A 1980 Kotun Ƙoli ta amince masa, alƙalai biyar sun rinjayi huɗu. A ƙarshen wannan shekara aka kafa dokar Bayh-Dole, wadda ta bai wa jami'o'i damar mallakar sakamakon binciken da aka yi da kuɗin gwamnati. Nan da nan 'yan kasuwa suka zuba jari a ɗakunan gwaji. A 1982 aka amince da sinadarin insulin na ɗan Adam wanda bakteriya ke sarrafawa, alhali a da sai an tatso shi daga jikin shanu da aladu. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma rashin adalci ne a musanta shi. Sai dai jari inda ciniki yake yake nufa, don haka cututtukan talakawan ƙasashe masu zafi, irin su ciwon barci da tsargiya, suka koma baya a layi.

Indiya ta bi wata hanya dabam. Gwamnatin Indira Gandhi, mai ra'ayin gurguzu da dogaro da kai, ta kafa doka a 1970 wadda ta hana mallakar magani ko abinci shi kansa. Hanyar haɗa shi kaɗai ake mallaka, ita ma ba ta wuce shekara bakwai. Ma'ana, duk wanda ya gano wata hanya ta haɗa magani yana da ikon sayar da shi. Wannan doka ta tarbiyyantar da masana kimiyyar haɗa sinadarai na ƙasar, suka ƙware wajen warware maganin wani su sake gina shi da araha. An ga amfanin haka a 2001, lokacin da kamfanin Cipla ya yi tayin magungunan ƙanjamau uku a kan dala 350 ga majiyyaci a shekara, yayin da kamfanonin Yamma ke sayarwa fiye da dala 10,000. Miliyoyin 'yan Afirka sun rayu albarkacin irin waɗannan magunguna. Amma dokar da ta koya wa Indiya kwaikwayo ba ta tura kamfanoninta neman sabon magani tun daga tushe ba, domin wanda ya kashe dukiya ya gano shi ba shi da katangar da za ta kare masa ribarsa.

Waɗannan aƙidu biyu ba su daɗe suna zama kowa a gidansa ba. A 1994 aka sa hannu a yarjejeniyar TRIPS a Maroko, ta fara aiki a 1995 ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta kuma tilasta wa ƙasashe membobi su kare magani shi kansa. Indiya ta sauya dokarta a 2005. Cikin wannan yanayi ne takardar darbejiya ta zama abin faɗa. A 1995 Vandana Shiva ta Indiya, da Magda Aelvoet 'yar Majalisar Turai, da ƙungiyar manoma marasa amfani da sinadaran zamani ta duniya, suka shigar da ƙara. An kawo shaidar cewa ana feshin man darbejiya a gonakin Indiya tun kafin kamfanin ya nemi rajista. A 2000 aka soke takardar, a 2005 kuma ɗaukaka ƙara ta faɗi.

Akwai gyara da ya kamata a yi wa yadda ake ba da wannan labari. Ba itaciyar aka mallaka ba, kuma ba a taɓa hana manomi daka 'ya'yan darbejiyarsa ba. Bugu da ƙari, azadiraktin kan lalace da wuri a cikin ruwa da hasken rana, kuma hanyar adana shi da kamfanin ya yi wa rajista a Amurka a 1992 ta tsira daga ƙalubale. Ainihin matsalar ita ce wane ilimi doka ke ƙirgawa a matsayin ilimi. A wancan lokaci dokar Amurka ba ta ɗaukar abin da ake aikatawa a wata ƙasa a matsayin hujja sai in an rubuta shi, kuma ba ta sauya ba sai a 2013. Indiya ta gane karatun. Daga 2001 ta shiga tattara magungunanta na gargajiya daga tsofaffin littattafai zuwa rumbun kwamfuta cikin harsunan da jami'an rajista ke karantawa. A 2024 kuma ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar da ke neman mai rajista ya bayyana inda ya samo tsiro da ilimin da ya dogara a kai.

Sanin da manoma da masu maganin gargajiya na ƙasar Hausa suke da shi game da sabara, marke da tazargade galibinsa a ka yake, ana gadonsa baki da baki. Dokar Nijeriya ta 1970 ta hana yi wa irin shuka ko na dabba rajistar ƙirƙira, kuma sai a 2021 aka kafa doka ta daban mai kare haƙƙin masu fito da sabon iri. Ita waccan doka ta 1970 cikar takardu kawai ta ɗora wa magatakarda ya duba. Tantance ko abin da aka kawo sabo ne an bar wa kotu, in an sami wanda ya kai ƙara.