Haɗa Allurar Ƙwayoyi Masu Rassa da Kemo da Gashi Wajen Maganin Sankarar Fankiriyas

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata hanya da masana ke gwadawa domin magance sankarar fankiriyas, sa'an nan mu auna ta da halin da majinyaci yake ciki a ƙasar Gobir, musamman Gatawa da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa. Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da ruwan narka abinci, da kuma insulin mai daidaita sukari a jini. Sankararta muguwa ce domin ba ta bayyana da wuri. Cikin majinyata biyar, da ƙyar ake samun ɗaya da za a iya yi wa tiyata sa'ad da aka gano ciwon.

Ƙwayoyi masu rassa wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1973. An kira su haka ne saboda siffarsu mai kama da itace. Aikinsu irin na 'yan leƙen asiri ne: su tsinci ɓurɓushin baƙon abu, su kai shi kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T, watau mayaƙan jiki, domin su gane abokin gaba. Don haka sai likitoci su ɗebi fararen ƙwayoyi daga jinin majinyaci, su rene su kimanin mako guda a ɗakin gwaji, su haɗa su da alamun sankarar, sa'an nan su mayar masa da su ta allura. Ya kamata a lura cewa wannan ba riga-kafi ba ne irin na ƙyanda, domin wanda ya riga ya kamu ake yi wa.

To, me ya sa ba a barin allurar ita kaɗai? Dalili kuwa, wannan sankara takan kewaye kanta da nama mai tauri kamar ganuwa, ta kuma tara wasu ƙwayoyi masu sanyaya gwiwar mayaƙan jiki. A nan ne kemo da gashi ke shigowa. Bincike ya nuna maganin kemo mai suna gemcitabine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, yana rage waɗancan ƙwayoyi masu sanyaya gwiwa. Gashi da haske kuwa yakan farfasa ƙwayoyin sankara, alamunsu su watsu, masu rassa su sami abin tsinta. Sai dai akwai gaba biyu a al'amarin. Kemo mai ƙarfi da gashi mai yawa sukan kashe mayaƙan da ake son tayarwa, saboda haka tsara lokaci da awon magani shi ne babban abin da masana ke muhawara a kai.

Shi kansa Steinman an gano yana da wannan ciwo a 2007. An yi masa tiyata, ya karɓi kemo, aka kuma gwada irin wannan allura a jikinsa. Ya rayu shekara huɗu da rabi, ya rasu ran 30 ga Satumba 2011, kwana uku kafin a sanar da ba shi kyautar Nobel. Labarin yana da ɗaukar hankali, amma a ganinmu ba hujja ba ne, tun da ba a iya rarrabe wane magani ne ya yi aikin. Gwaje-gwajen da aka yi a Japan da Holan sun nuna allurar ba ta cika wahalar da jiki ba, to amma kan mutane kaɗan aka yi su, kuma har yanzu ba ta zama tabbataccen magani ba. Sabanin haka, haɗin kemo mai suna FOLFIRINOX an auna shi a Faransa, aka buga sakamakon a 2011: matsakaicin rayuwar waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu ya tashi daga wata 6.8 zuwa wata 11.1.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Provenge, allurar irin wannan da aka amince da ita a Amurka a 2010 domin sankarar mafitsara ta maza, ta kama dala 93,000. Kowane majinyaci tasa ake haɗa masa, a ɗaki mai tsananin tsabta da wutar da ba ta yankewa.

Mutumin Gatawa kuwa matsalarsa tana farawa tun kafin nan. Idan idonsa ya yi rawaya, shawara za a ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Kafin a yanke shawarar zuwa asibitin Sabon Birni, daga can a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, watanni sun shuɗe, ga kuma rashin tsaro da ya sa hanyar ta zama abin fargaba. Abin da muke roƙon ɗalibanmu da za su koyar a waɗannan garuruwa su riƙe shi ne: dattijon da shawara ta kama, fitsarinsa ya yi duhu, bayan gidansa ya yi fari, jikinsa na ƙaiƙayi, yana ramewa ba dalili, ko ciwon sukari ya faɗo masa kwatsam, a gaggauta kai shi a yi masa hoton ciki.