Yadda Suna Ke Shiga Rajistar Tallafi a Ƙasar Pauwa

A ƙasar Sarkin Pauwa, wato Ƙanƙara, haka ma a Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, labarin tallafin gwamnati yakan iso ne a matsayin ji-ta-ji-ta. Wani ya ji ana rubuta sunaye a zauren kansila, wata ta ga kuɗi sun shigo wayar maƙwabciyarta, tata kuwa shiru. In aka tambayi yadda aka yi, amsar ba ta wuce "ai sai kana da hanya". Alhali shirin yana da ƙa'idoji a rubuce, rashin saninsu ne ya buɗe wa dillalai kasuwa.

Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya sanya tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban aikin gwamnati. A kan haka gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara raba kuɗi ga gidaje mafi talauci a 2016, naira 5,000 duk wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000. Kuɗin sun fito daga rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322 na marigayi Sani Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Wato dukiyar al'umma ce, wani kason ma bashi ne da ke wuyan kowa. Ba daga aljihun wani ɗan siyasa ta fito ba, balle ya ce a rama masa da ƙuri'a.

Ofishin NASSCO da ke Abuja ne ke riƙe da babbar rajistar, kowace jiha kuma tana da reshen da ake kira SOCU. Bisa ƙa'ida, jami'ai kan je ƙauye su tara maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi abin da yake nufi da talaka a garinsu: mai cin abinci sau ɗaya a rana, matar da miji ya mutu ya bar mata marayu, magidancin da hatsinsa ke ƙarewa tun kafin a yi shuka. Sai su lissafa gidajen, a haɗa jerin guda uku a karanta a bainar jama'a. Daga nan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida, su duba irin rufin ɗaki, da inda ake ɗebo ruwa, da yawan bakin da ake ciyarwa. Kwamfuta ce ke jera gidajen daga mafi buƙata zuwa mai dama-dama.

Abubuwa biyu ne jama'a ba su cika sani ba. Shiga rajista kyauta ne, babu kuɗin fom, babu na goro. Sannan shiga rajista ba ya nufin an fara biya, domin kowane shiri yakan ɗebi adadin da kuɗinsa za su isa.

Inda wannan yanki ya bambanta shi ne rajistar tana ɗaure gida da ƙauyensa, su kuwa ƙauyukan da yawa sun watse. Harin Kadisau a Faskari cikin Yunin 2020 ya ci gomman rayuka, a Disambar shekarar aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, 344 suka dawo bayan kusan mako guda. Iyalai sun yi ta gudu zuwa cikin Ƙanƙara da Funtuwa da Malumfashi, wasu da zanin jikinsu kawai. Wanda aka rubuta a ƙauye ya tashi, wanda 'yan bindiga suka talauta bayan an rufe rubutu kuma babu sunansa. A Satumbar 2021 aka katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai a Disamba ya fara dawowa. Duk tsarin da ya dogara da saƙon waya, nan yake fara tuntuɓe.

Ita ma gwamnati ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba. A Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta amince da tsohuwar rajistar ba. A Oktoba Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585, aka tsayar da shirye-shiryen. Da aka ci gaba, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki ko na waya. Duk sauyi irin wannan da ba a yi wa ƙauye bayaninsa da Hausa ba, riba ce ga mai cewa "kawo katinki in gyara miki".

A bakin kasuwa ake ganin sakamakon. Tsohuwa ta kwance haɓar zani ta miƙa wa mai POS katin cirar kuɗi, lambar sirrin a rubuce jikin takardar da ta naɗe shi. Abin da ya ƙirga mata shi ne abin da ta sani.

Akwai matakan da ba sa buƙatar kamun ƙafa. Rajistar NIN ta farko kyauta ce a hukumar NIMC, kuma ya kamata sunan da ke kanta ya yi daidai da na banki harafi da harafi, domin saɓani tsakanin Hauwa da Hauwa'u kan iya tsayar da biya. Mai karɓa na da ikon ganin adadin da ya shigo kafin a cira. Shirin ya tanadi jami'in karɓar koke a matakin ƙaramar hukuma, inda wanda aka zaftare wa kuɗi ko ya sauya mazauni zai kai magana, ya kuma nemi a rubuta masa ranar da ya kai. In ba a saurare shi ba, Hukumar Sauraron Koken Jama'a da aka kafa a 1975 tana da ofis a Katsina, ba ta karɓar ko kwabo. Ƙungiyoyin ci gaban gari kuwa suna iya amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa, su tambayi gidaje nawa aka biya a kowace mazaɓa ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, su karanta alƙaluman a rediyo ko bayan sallar Juma'a.