Daga Kwatano zuwa Tema: abin da ya shafi ɗan kasuwar Jos

Jos ba ta da teku, amma duk wanda ya taɓa kwance dilar gwanjo a kasuwar Katako, ko ya sayi mota 'yar Kwatano, ya ci arzikin ƙasashen nan uku da ke jere a bakin ruwa yamma da Legas: Benin, Togo da Gana. Biyun farko ƙanana ne ƙwarai. Gaɓar tekun Togo ba ta kai kilomita 60 ba, direban da ya tashi daga iyakar Benin zai shiga Gana kafin injinsa ya yi zafi sosai. Ƙasa irin wannan ba ta rayuwa sai da maƙwabta.

Shi ya sa Eyadema na Togo ya haɗa kai da Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato, suka yi ta zawarcin shugabanni har aka kafa ECOWAS a Legas a watan Mayun 1975. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabci ba biza, ya zauna kwana 90. Akwai kuma bututun iskar gas mai tsawon kilomita 678 da ke kai gas ɗin Najeriya Kwatano da Lome da Tema da Takoradi. Wannan kam aiki ne da ake gani.

A hanya ne labari ke canzawa. Mai kaya ya canza naira zuwa sefa a Seme, ya canza sefa zuwa sidi a Aflao, kowane canji da abin da ake yanka masa. Kuɗin bai-ɗaya na Eco sai ɗage ranarsa ake yi. Ga shingaye, kowanne da mai kaki yana jiran na goro, kuma kayan gwari irin dankali da kabeji na kasuwar Farin Gada ba sa haƙurin jira a rana. Hausawan zangon Lome da na Nima a Accra sun daɗe suna wannan fatauci bisa amana, tun zamanin goron Gwanja, kafin Turawa su ja iyaka.

Babbar yaya Najeriya ma ba ta da gaskiya. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Benin, wadda tashar Kwatano ce jijiyar wuyanta, ta ji jiki, shinkafa kuma ta yi tsada a kasuwar Taminus ta Jos. Yanzu ana maganar babban titin Abijan zuwa Legas, mai kilomita fiye da 1,000. Idan ba a kwashe shingayen ba, kwalta kaɗai za a sabunta.